A tambayi ɗan Agadas garinsu da Ingilishi ya yi shiru: laifin wa?

 Yau mun ajiye makirfo mun ɗauki alƙalami, don maganar da ke cinmu ta fi ƙarfin minti goma na shirin rediyo.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, kuran ya ɗauke, muna zaune bisa tabarma a tsakar gida muna shan iska. Sai ɗiyar yayarmu, wadda ke shirin Brevet bana, ta zo da littafinta ta ce: "Kawu, ka yi mini oral na Ingilishi, yau kai ne mushe." Muka gyara zama, muka yi mata tambayar da ta fi kowace sauƙi: "Where do you live?" Wato ina kike zaune.

Yarinya ta miƙe tsaye, ta haɗa hannuwa a baya, ta fara zubo Turanci kamar an kunna kaset. Wai garinsu ƙaramin gari ne mai sanyi, kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, akwai wuraren shaƙatawa masu koren ciyawa, tashar jirgin ƙasa na kusa da gidansu, kuma ranar hutu takan fita yawo bakin kogi da karenta.

Muka ce: "Tsaya ɗiyata. Wane kogi? Jirgin ƙasan kuma, a Dagamanet yake tsayawa ko a Tudu?" Uwarta da ke gefe ta fashe da dariya, ta ce ita dai ba ta san da kare a gidan nan ba. Yarinyar ta ɓata rai ta ce: "Kawu, hakanan yake cikin bidiyon. Ai mushe Turanci yake so, ba ya tambaya ko gaskiya ne." Muka ce to, mun ji. Sai muka ƙara mata tambaya guda da Ingilishi: mi ake saidawa a kasuwar da ke kusa da gidanku? Shiru. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, idonta ya ciko da hawaye. Kasuwar da ake aikenta kullum safiya, ta kasa faɗin kalma uku a kanta.

Daga nan dariya ta ƙare mana, saboda mun tuna da kanmu. Mu ma da Faransanci muka yi lakkol tun daga CI har Terminale. Ranar da aka zaunar da mu gaban mai oral ya ce mu ba shi labarin garinmu, abin da ya fito daga bakinmu shi ne Agadas babba ce, Agadas akwai zafi. Shi ke nan, kaya sun ƙare. Kusan shekara ashirin ke nan, ga shi ƴaƴanmu na tsaye daidai inda muka tsaya, bambancin kawai su suna da waya da za ta ara musu garin wasu.

Wani zai ce mene ne na tada jijiyar wuya a kan tambaya guda ta jarrabawa? To ai tambayar nan ba a ɗakin Brevet ta tsaya ba. Kusan duk inda za a gwada bakin mutum da Ingilishi, da ita ake buɗewa. Ku ɗauki IELTS, jarrabawar da jami'o'i da yawa na waje ke nema kafin su karɓi ɗalibi. Sashen magana nata minti 11 ne zuwa 14, an kasa shi uku, kuma kashi na farko, mai minti 4 zuwa 5, tambayoyi ne kan gidanku, garinku, karatunka ko aikinka. Haka abin yake ga mai neman aiki a ƙungiyoyin agaji da ke nan garin, ko mai neman gurbin karatu a Najeriya ko Gana. Mai tambaya yana farawa da garinku ne don hankalinka ya kwanta, don a ganinsa babu abin da ka fi sani kamar inda kake kwana kake tashi. In ka yi tuntuɓe a bakin ƙofa, sauran hirar duka da rawar murya za ka yi ta.

Ga kuma sauyin da ƙasa ta shiga. Kundin tafiyar da ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025, wanda ake kira Charte de la Refondation, ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, kuma ba shi ne zancenmu na yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne Ingilishi ya tashi daga darasin da ake yi don cike maki, ya zama harshen da za a iya neman ɗanka da shi a wurin aiki. Yaron da ya yi shekara huɗu yana koyonsa daga sixième zuwa Brevet, ko shekara bakwai zuwa Bac, amma ba ya iya minti guda a kan unguwarsu, akwai inda muka yi kuskure.

Mun zauna mun yi tunani, mun kuma tattauna da wasu malamai abokanmu. Ga abin da muka gani.

Na farko, hadda. Mu mutanen hadda ne, kuma hadda na da muhallinta mai daraja, a makarantar allo da ita ake riƙe karatu. A lakkol ma da récitation aka raine mu: ka haddace, ka miƙe, ka zubo, a ba ka maki. Sai muka ɗauko wannan hanya muka ɗora wa hira, alhali hira ba a haddace ta. Mai tambaya ba ya bin layin da ka tsara. Da ka ce akwai kogi, zai ce me kake yi a bakinsa, da wa kake zuwa, yaushe ka je na ƙarshe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ta biyu ke kai mutum ƙarshensa.

Na biyu, doguwar hanyar da magana ke bi kafin ta fito. Yaronmu yana tunani da Hausa ko Tamajak, wani da Tubanci ko Fulatanci ko Larabci. Sai ya juya tunanin zuwa Faransanci, saboda da shi aka koya masa Ingilishin, sannan ya sake juya shi zuwa Ingilishi. Kafin jimla ta iso bakinsa ta sauka tasha biyu, kuma a kowace tasha ana sauke mata kaya. Misali ƙarami: da Hausa muna cewa ina da shekara goma sha biyar, Faransanci ma hakanan yake ginawa, sai yaro ya ce "I have fifteen years", alhali Ingilishi "I am fifteen" yake so. Harsuna biyu sun haɗa baki sun kai shi rami. In kana fama da irin wannan a kowace jimla, sannan kuma kana ƙoƙarin tuna garin da ba ka taɓa gani ba, nauyin ya yi wa kai yawa.

Na uku, aji. Ba za mu ɗora wa malamai laifi ba, mun san halin da suke ciki. Ku lissafa da kanku: in aji na da yara sittin, darasi awa guda, ko mushe bai buɗe baki ba sam, kowane yaro minti guda zai samu. Shi ya sa Ingilishin ya koma na allo da bik: a cike gurbi, a juya jimla, a haddace jerin kalmomin aikatau. Yaro zai iya cin maki mai kyau a rubuce, amma bai taɓa jin muryarsa tana Ingilishi na minti biyu a jere ba sai ranar oral.

Na huɗu, kuma shi ya fi yi mana ciwo: ko da Hausa aka yi tambayar, da yawa daga cikin yaranmu ba su da abin faɗa, don ba mu ba su labarin garin ba. Ku gwada yau da dare. Ku tambayi ɗanku tsawon hasumiyar Babban Masallaci da yake gani kullum. Mita 27 ce, da laka zalla, kuma hukumar UNESCO ta ce babu irinta mai wannan tsawo a duniya. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gyara shi a 1844. Itatuwan da suka fito daga jikinta, waɗanda yara ke ɗauka ado ne, a kansu magina ke takawa in za a yi yaɓe. A 2013 aka sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, da unguwanninsa goma sha ɗaya, irin su Katanga inda fadar Sultan take, da Amarewat, Amdit, Akanfaya, Obitara, Hugubere da Fune Ime. Wasu daga cikin sunayen nan ba Hausa ba ne, ba Tamajak ba ne, ragowar wani tsohon harshe ne dangin Sonrai da aka taɓa yi a garin nan, ɗan uwan Tasawak da mutanen Ingal ke yi har yau. Yara nawa suka san wannan? Manya ma nawa?

Na biyar, raina namu. Akwai yaron da ya san komai, amma yana ganin in ya ce gidansu na laka ne, da zafi a tsakar gida suke kwana, akuya na ɗaure a kusurwa, za a yi masa kallon ɗan ƙauye. Sai ya ari bene da ciyawa daga waya. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Yanzu bari mu ba ɗiyarmu gaskiyarta, don maganar da ta yi akwai ƙamshin gaskiya cikinta. Mai oral ba malamin tarihi ba ne. A IELTS abubuwa huɗu ake auna wa mutum: gudun magana da haɗuwarta, yawan kalmomi, nahawu, da lafazi. Babu maki na gaskiya, babu wanda zai zo Agadas ya duba ko akwai jirgin ƙasa. Kuma mun san yaran da hadda ta fisshe su, suka faɗa hannun mai tambaya da ya gaji, ya saurari abin da suka zubo ya ba su maki ya ce na gaba. Iyaye da yawa za su ce mu dai yaro ya samu, sauran zance ne.

Mun ji wannan, amma ba mu yarda ba, kuma dalilinmu na farko na maki ne tsantsa. Abubuwa huɗun nan da ake aunawa duka sun fi fitowa in mutum na magana kan abin da ya sani. Wanda ke ba da labarin unguwarsu aiki guda yake yi, neman kalma. Wanda ke ba da labarin garin aro aiki biyu yake yi, ƙirƙira da neman kalma. In kalma ta ɓace wa na farko zai kewaya ya bayyana ta wata hanya, kuma wannan kewayawar ita kanta ana ba ta maki. In layi ya ɓace wa na biyu, mota ta mutu ke nan tsakiyar Tenere. Ƙari a kan haka, masu jarrabawa irin IELTS an horar da su su gane amsar hadda, kuma ba ta samun makin da mai ita ke tsammani. Hadda caca ce: ka ci in ka haɗu da wanda ya gaji, ka faɗi in ka haɗu da wanda ke saurare.

Dalilinmu na biyu ya wuce ɗakin jarrabawa. Jama'a, an daɗe ana ba da labarin Agadas da Ingilishi, sai dai ba mu ke bayarwa ba. Littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an fassara shi da Ingilishi tun 1600, kuma akwai Agadas a ciki. Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, ya sauka garin nan a watan Oktoba na 1850, ya rubuta abin da ya gani, har yau ana nuna gidan da ya zauna. Francis Rodd ya fitar da littafinsa kan Abzinawan Ayar a 1926. Bayansu aka yi zamanin masu yawon buɗe ido da gasar motoci ta Paris-Dakar, aka san mu da raƙuma da rairayi. Sannan aka yi zamanin dokar 2015-36 kan safarar baƙin haure, ƴan jarida suka yi ta sauka daga ko'ina, suna ɗaukar hoton motocin da ke fita Dirku ranar Litinin, har sunan garin ya zama kamar ba shi da wata ma'ana sai hanyar Libiya. An soke dokar a Nuwamba 2023, sojojin Amurka sun bar sansaninsu na 201 a Agusta 2024, amma ku rubuta sunan Agadas da Ingilishi a intanet ku ga abin da zai fara fitowa.

Mu da ke aikin rediyo mun sha ganin yadda abin ke gudana. Baƙo ya zo da kyamara, ya kwana uku, ya yi tambaya da Ingilishi, a juya ta Faransanci, a juya ta Hausa, amsa ta koma ta wannan hanya, abin da ya isa kunnensa shi zai kai wa duniya. Ba mu ce ƙarya suke yi ba, da yawansu abin da suka gani suka faɗa. Amma wanda ya kwana uku ba zai san abin da wanda ya shekara talatin ya sani ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku dubi Bombino, ɗan garin nan, da ya sa wa faifansa na 2011 suna Agadez, daga baya faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy. Ku dubi Etran de L'Aïr, samarin da suka taso suna kiɗan biki a unguwanninmu. Da jita suka kai sunan garin inda bai taɓa zuwa ba, kuma da kayan gida suka je. Yaron da ke zaune gaban mai oral, ko ɗalibinmu da abokan ɗakinsa a Accra ko Zariya suka tambaye shi daga ina yake, shi ma dama ce irin wannan a hannunsa, ko da ƙarama ce.

Sai dai a kula, ba muna cewa a musanya hadda da wata hadda ba. In muka cire kogi da jirgin ƙasa muka cusa wa yaro mita 27 da 1515 da 2013 ya zubo kamar takardar talla ta otel, ba mu yi komai ba. An tambaye shi inda yake zaune ne. Tarihi gishiri ne, kaɗan ake sawa. Abincin shi ne rayuwarsa: wa ke gidan, me yake gani in ya fito ƙofa, ƙarar mi ke tada shi da safe, me yake so a unguwar, me ke ba shi haushi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da wata malama ta yi mana: to, a faɗi marasa daɗin ma? Mun ce a faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In pampo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare da bazara, yaro ya faɗa. In kuran na ɗaukewa yana cikin bita, ya faɗa. In hanyar Tawa ta gajiyar da shi a kan tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Yamai, ya faɗa. In wansa ya tafi haƙar zinariya Jado ko Cibarakaten tun da aka gano ta a 2014, gida na jiran wayarsa, wannan ma labarin inda yake zaune ne. Masu tambaya ma sukan ce me kake so a canza a garinku. Wanda ya ce komai lafiya lau, ya rufe wa kansa ƙofar magana. Abin da ba mu so shi ne yaro ya ɗauko bakin baƙo ya zagi garinsu da shi, ko ya ɗauko bakin maroƙi ya yi ta kirari. Ya faɗi abin da ya gani da idonsa, mai daɗi da marar daɗi.

Mu koma tsakar gida. Da yarinyar ta share hawaye, muka ce ta rufe littafin, ta ajiye wayar. Muka ce: "Ba mu labarin gidan nan da Hausa, kamar kina gaya wa baƙuwa." Nan take baki ya buɗe. Ta ce gidan laka ne, da rana cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Ta ce innarta na tashi da dare ta tara ruwa a bido. Ta ce in ta hau bisa soro tana hango hasumiya. Ta ce kakanta na aiko da lemu da rumman daga Timiya. Ta ce ta fi son lokacin Biyanu, in samari sun sha rawani suna kaɗa ganga gari ya cika. Muka ce to, ɗauki guda ɗaya, faɗe shi da Ingilishi, ko da karyayye ne. Ta yi ta faɗuwa tana tashi. Da ta rasa kalmar cuku, muka ce ki kira shi cuku, sannan ki bayyana: busasshen abu ne da ake yi da nono, ana ci da shayi ko a daka cikin fura. Ta yi. Da ta rasa kalmar kori, sai ta yi shiru, can ta ɗago kai ta ce: "Our river comes only when it rains in the mountains." Wato kogin garinmu sai an yi ruwa bisa duwatsu yake zuwa.

Wallahi sai da tsigar jikinmu ta tashi. Ashe tana da kogi, Telwa ne. Kogin da ke kwance busasshe yawancin shekara, ranar da ya zo kuwa gari ya fita kallo, yara na gudu gaban ruwa. Kogin da a farkon Satumba na 2009 ya fasa ya shigo gari ya rushe gidaje. Wane mai tambaya ne zai ji wannan jimla bai gyara zama ya ce ƙara mini bayani ba? Kuma duk abin da ya tambaya a kai, tana da amsa, don ta tsaya bakin Telwa da ƙafarta. Daren nan ta yi fiye da minti biyu tana magana, da kurakurai, amma babu inda ta tsaya cak.

Saboda haka ga roƙonmu.

Malaman Ingilishi, mun san nauyin da ke kanku, ba za mu ƙara muku da abin da ke bukatar kuɗi ba. Minti biyar a farkon darasi, yara biyu-biyu, kowa ya ba ɗan uwansa labarin unguwarsu, ɗayan ya yi masa tambaya uku. Ajin zai yi hayaniya, amma hayaniyar Ingilishi ce. Ku tara musu kalmomin da rayuwarsu ke bukata: laka, rijiya, ayari, gishiri, dabino, albasa, maƙeri, guguwa, rawani. Kuma ranar oral, in yaro ya fara zubo kogi da jirgin ƙasa, ku tsayar da shi cikin sauƙi ku tambaye shi abin da ya ci da safe. In yara suka ji cewa hadda ba ta ci, za su bar ta tun kafin shekara ta zagayo.

Iyaye, ba sai kun iya Ingilishi ba. Aikinku shi ne ku cika rumbun. Ku ba yara labarin ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, yadda ake kai gero a dawo da kantu da dabino. Ku ba su labarin Kawsan da Sultan Tagama da yaƙin da aka yi a garin nan daga ƙarshen 1916 zuwa 1917. Ku gaya musu iccen nan guda na Tenere da mota ta kaɓe a 1973, wanda ragowarsa ke gidan tarihi na Yamai. Ku gaya musu akwai dabbar zamanin da, cikin dinozor, da aka tono ƙasusuwanta a Gadufawa aka sa mata sunan ƙasarmu, Nigersaurus. Ranar da babu lakkol ku riƙe hannunsu ku shiga tsohon gari, ku tsaya wurin maƙera su ga yadda ake zuba azurfa a fitar da kuros ɗin Agadas. Abin da yaro ya iya faɗa da harshen uwarsa, rabin aikin fassara shi ya ƙare.

Sai kuma wata dukiya da muke takawa muna wucewa: tsofaffin gid da direbobin yawon buɗe ido. Kafin tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 su kashe wannan sana'a, akwai mutanen da aikinsu ke nan, bayyana Agadas da Ayar ga baƙi, da Faransanci, wasu da Ingilishi, Jamusanci ko Italiyanci. Da yawansu ba su yi dogon lakkol ba, a bakin wuta cikin daji suka koya. Suna nan cikinmu, wasu na zaune bakin kasuwa ba aikin yi. Da tsohuwar zuma ake magani. Me zai hana kulob na Ingilishi a kwalejojinmu da lise-lisenmu su gayyato su sau ɗaya a wata? Ɗaliban Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, su ma za su iya ɗaukar yamma guda a mako su zauna da ƙannensu na unguwa.

Mu ma ƴan rediyo ba mu fita ba. Muna ba da awowi ga gaishe-gaishe da waƙa, ba mu taɓa ware minti goma don yaro ya kira ya gwada bakinsa ba. Mun ɗauki wannan a wuyanmu, za mu kai maganar gaban shugabanninmu, kuma in Allah ya yarda za ku ji abin da ya biyo baya.

Ku kuma ƴan makaranta, ƙannenmu da ƴaƴanmu, abu guda muke so ku yi daren yau. Ku ajiye bidiyon. Ku zaɓi abu biyar da ke unguwarku, ku faɗe su da harshen gida, sannan ku gwada da Ingilishi gaban ƙanenku ko gaban madubi. Gobe ku sake, ku canza kalmomin. Kada ku rubuta ku haddace. In kun yi kuskure ku wuce, mai oral ya san Ingilishi ba harshen uwarku ba ne, abin da yake so ya ji shi ne kuna iya hira da shi.

Ɗiyarmu dai tana nan tana bita, kuma ta cire kare daga labarin, ta sa akuyar innarta. Allah ya ba dukan masu jarrabawar bana sa'a, ya saka wa malamansu da alheri, ya zaunar mana da Agadas da Nijar lafiya. Wanda ke da yaro mai shirin oral, ya karanta masa wannan. Sai mun haɗu a shirinmu na gaba.